Sunan da Na Kira a Ƙofar Muƙabala

A duk shekarun da na yi a ofishin ɗaukar ɗalibai na kwalejin kasuwancin nan ta Jidda, akwai wata Talata ta watan Sha'aban da ban taɓa mantawa da ita ba. Ku da kuka shigo aikin nan bayana kun sha tambayata dalilin da ya sa nake ɗaure fuska idan wani ya ce ya gama karantar ɗalibi a zama ɗaya. To ga dalilin. Sunayen da zan faɗa ba na gaskiya ba ne, kada wani ya wahalar da kansa da bincike. Dattijuwar da ke cikin labarin ta riga mu gidan gaskiya, yarinyar kuma ta daɗe da barin ƙasar nan da mijinta.

Ga wanda bai san aikinmu ba, bari in yi bayani. Mai neman shiga babban digiri na kasuwanci ba jarrabawa kaɗai yake ci ba. Bayan ta akwai mataki biyu a rana ɗaya. Da safe a tara masu nema rukuni-rukuni a kewaye da tebur, a ba su wani batu, a bar su su tattauna a tsakaninsu. Mu 'yan kwamiti muna zaune a jikin bango, ba mu cewa uffan, muna duba wa ke sauraro, wa ke katse mutane, wa ke iya dawo da magana kan hanya idan ta ɓace. Bayan azahar kuma sai muƙabala, wato kowa ya shigo shi kaɗai ya zauna a gabanmu a yi masa tambayoyi. A zaman safe ba a amfani da suna. Tun daga ƙofa ake duba iƙamar mutum, wato takardar zaman baƙo, ko katinsa na ɗan ƙasa, a maƙala masa lamba a ƙirji, don kada sunan gidansu ya rinjayi wani a cikinmu. Sai an zo muƙabala ake ba mu sunaye.

A lokacin ina babbar jami'a a ofishin, ni ce ta uku a kwamiti. Shugabanmu Dakta Khalid ne, mataimakin shugaban tsangaya, mutum mai raha wanda ba ya barin ƙa'ida ta wuce shi ko da yana dariya. Ta biyu Dakta Muna, malamar harkar kasuwa. Aikina shi ne in ba da maki kamar su, in kira sunaye, in kuma rubuta abin da aka yanke. Akwai wata doka da za ku riƙe domin labarin ya rataya a kanta: duk ɗan kwamitin da ya san mai nema, dole ya faɗa a gaban sauran, ya faɗi yadda aka yi ya san shi, sannan ya fita daga ɗakin.

Rukunin mata ne a ranar. Ɗakin tattaunawar kun san shi, ba taga ko ɗaya, mukayyif kuma, wato na'urar sanyaya ɗaki, kamar an ba shi kwangilar daskarar da mutane. Batun da aka ba su shi ne ko baƙalar unguwa, wato ƙaramin kantin kayan masarufi, za ta rayu yanzu da kowa ke sayayya ta waya a kawo masa har ƙofa. Kan ka ce kwabo an fara abin da aka saba. Akwai wadda ta haddace manyan kalmomin Turanci ta zo ta sauke mana su duka ko sun dace ko ba su dace ba. Akwai wadda ke fara kowace magana da cewa ta yarda da ƙawarta, sannan ta rushe duk abin da ƙawar ta faɗa. Na ga irinsu har na gaji, alƙalamina kaɗai ke tafiya.

Mai lamba huɗu ce ba ta ce komai ba. Doguwa ce, baƙa, siririya, kana ganinta ka san tamu ce, Bahaushiya. Abin da ya dame ni shi ne ba abokan tattaunawarta take kallo ba, ni take kallo. Ɗalibai kan saci kallon kwamiti don su ga ko maganarsu ta shiga, wannan daban ne. Kallo ne irin na wanda ya ga mutum a mafarki yana ƙoƙarin tuna inda ya san shi. Na sunkuyar da kai, na ɗago, idonta na nan a kaina. Kujerarta ce mafi kusa da ni, kuma duk lokacin da iskar mukayyif ta kaɗo daga wajenta sai in ji ƙamshin kafur. Na ce a raina abaya ce aka ajiye a akwati ta daɗe. Amma ni kafur abu ɗaya yake tuna mini, domin tun ina budurwa nake taya wankan gawa a unguwarmu.

Can da hayaniya ta lafa sai ta buɗe baki, muryarta ƙasa-ƙasa, da Larabcin Jidda tsantsa. Ta ce tana so ta ba da misali da wata baƙala a unguwar Sa'alaba. Ta kwatanta lungun: ka wuce masallacin da ba shi da hasumiya, ka bi ta gefen mai gasa burodi, baƙalar tana kallon wani gida mai koren ƙyaure. Ta ce mai baƙalar ya san gidan da aka yi haihuwa da gidan da aka yi rashi, idan aka yi rasuwa shi ke aiko da sukari da ganyen shayi kafin a tambaya, kuma babu wayar da za ta yi wannan. Daga nan ta tattaro maganganun sauran ta jera su ɗaya bayan ɗaya, har mai Turancin nan ta samu inda aka ajiye nata. Dakta Muna ta dube ni ta ɗaga gira, alamar an samu. Ni kuwa a lungun nan aka haife ni, gidanmu ne ke manne da mai koren ƙyauren.

Bayan sallar azahar aka kawo sunaye. Na tsaya a bakin ƙofa ina kira, mutum uku suka shiga suka fita lafiya. Da na zo kan ta huɗu na fara karantawa da ƙarfi kamar yadda na saba: Safiya Idrisu Haruna. Ban san yadda na ƙarasa sunan kakan ba.

Malam Idrisu Haruna tela ne, cikin Hausawanmu da iyayensu suka zo ta Sudan. Shi ne mai gidan koren ƙyaure. Matarsa Yaya Zulai, 'yarsu ta fari Safiya. Safiya ta rasu tana 'yar shekara huɗu ko biyar, zazzaɓi ne na kwana kaɗan. Ba labari aka ba ni ba. Inna Asabe mai wankan gawa a lungunmu ce ta yi mata wanka, ni na riƙa zuba ruwa, ni na jiƙa kafur a ruwan ƙarshe, ni na ɗaure likkafanin ta wajen ƙafa. Bayan wata biyu aka yi mini aure na bi mijina Yanbu, na yi shekaru a can, da na dawo aka ce sun tashi sun koma Kurayyat. Ban sake ganin kowa a cikinsu ba.

Sai ga mai lamba huɗu ta miƙe ta ce, "Na'am." Ta zo ta wuce ta gabana da ƙamshin nan nata.

Ba zan ɓoye muku ba, na ji tsoro. Na gaya wa kaina suna ne ya zo ɗaya. Na leƙa fayil ɗinta, na ga wurin haihuwa Jidda, shekarun kuma daidai da waɗanda Safiya za ta kai da tana raye. Hoton da ke jikin iƙamar na wannan fuskar ne, an duba yatsunta a ƙofa sun dace. Na zauna a kujerata ina karanta duk abin da ya zo bakina. Ya kamata a lokacin in ce na san ta in fita. To me zan ce na sani? In ce wa Dakta Khalid wannan ɗalibar ni na yi mata likkafani?

Dakta Khalid ya fara da tambayar da muke fara wa kowa da ita. "Yalla ya Safiya, ba mu labarin kanki. Wace ce ke?"

Ta yi bayani a natse. Mahaifinta tela ne, ya rasu tana sakandare. Ita ta riƙe shagon, ta mayar da shi ɗinkin kayan makaranta, yanzu mata shida ke aiki a ƙarƙashinta, tana son karatun ne don ta san yadda ake faɗaɗa abu ba tare da ya karye ba. Dakta Muna ta matsa mata da tambayoyi kan farashi da masu kawo yadi, ta amsa ba rawar murya. Duk wannan ina jinsa kamar daga cikin rijiya.

Dakta Khalid yana da wata tambaya da yake so, wai tana nuna zuciyar mutum. Ya ce, "Mene ne abu na farko da kike iya tunawa a rayuwarki?"

Ta kawar da idonta daga kansa. Sannan ta juyo gaba ɗaya ta fuskance ni.

"Ranar wata rasuwa a gidanmu," in ji ta. "'Yar ƙanwar mahaifiyata ce ta rasu, Hajara, tare muke wasa. Gida ya cika da mata, ba wanda ya kula da ni, ina ta kuka. Sai wata ta fito daga ɗakin da aka rufe, hannunta a jiƙe, ta ɗauke ni ta goya ni. Ina tuna sanyin hannunta. Tun safe nake kallon Ustaza, wallahi ita ce." Sai ta juya harshe zuwa Hausa, irin Hausar 'ya'yanmu da aka haifa a nan, mai nauyi a baki, tana kirana Khala, wato inna. "Khala, ba ki gane ni ba? Ni ce Ladi."

A nan komai ya faɗo mini a lokaci ɗaya. Yara biyu ne a gidan. Ƙanwar Yaya Zulai ta zo umara ta zauna ba takarda, ta haihu a nan, aka kama ta a wani samame aka yi mata tarhil, wato aka tasa ƙeyarta zuwa gida, ta bar jaririya a hannun yayarta. Ba ta daɗe da komawa ba ta rasu. Sunan yanka na jaririyar Hajara, amma ba mai kiranta da shi, Ladi kowa ke cewa don ranar Lahadi aka haife ta. Ba ta da iƙama, ba ta da takardar haihuwa, babu ofishin da ya san da ita a duniya. Ita na goya a ranar. Wadda na wanke Safiya ce. Ashe da aka je neman izinin binnewa an ce marar takardar ce ta mutu, mai rai kuma aka ba ta sunan da takardun wadda ta tafi. Yarinyar da ke zaune a gabana tana ba da labarin jana'izar kanta, kuma a fuskarta na ga ba ta sani ba.

Tsoron fatalwa ya tafi, wani wanda ya fi shi ya zo. Na san abin da ke biyo baya idan aka ji. Kwaleji za ta miƙa maganar ga lauyanta, lauya ya miƙa ga hukumar fasfo. Duk takardun karatunta su zama na banza, shagon a rufe, Yaya Zulai a tuhume ta, ita kuma a ɗora ta a jirgi zuwa ƙasar da ba ta taɓa takawa ba, da sunan da take zaton na mamaciya ne.

Dakta Khalid ya yi dariya ya ajiye alƙalami. "Masha Allah, duniya ƙarama ce. Ustaza Rabi, kin san doka. Faɗa mana yadda kika san ta, a rubuta. Ya'ni Safiya 'yar maƙwabcinku ce?"

Ban taɓa yin ƙarya a gaban kwamiti ba, ban kuma yi niyyar farawa a ranar ba. Na ce, "Dakta, gidanmu da nasu bango ɗaya ne. Wannan yarinyar a gidan Malam Idrisu ta tashi, na goya ta a bayana kamar yadda ta faɗa. Rabona da ita tun tana ƙarama, shi ya sa ban gane fuskarta da safe ba."

"Halas, shi ke nan," in ji shi. "A soke makinki na safe, a kira Ustaz Fahad ya zauna a madadinki."

Na tattara takarduna na fita. Duk abin da na faɗa gaskiya ne, kuma har yau ban ga abin da zan janye a ciki ba.

Ɗakin jira na iyaye yana ƙarshen baranda. Ban yi niyyar shiga ba, ƙafata ce ta kai ni. Tana zaune a lungu ita kaɗai da carbi, ta tsufa, ta rame, amma ban yi shakka ba, Yaya Zulai ce. Ita ma da ta ɗago ta gan ni da katin aiki a wuya, carbin ya tsaya a hannunta.

Na durƙusa na gaishe ta. "Yaya Zulai, ina wuni."

Ba ta amsa gaisuwar ba. Ta ce, "Rabi. A nan kike aiki?"

"A nan nake."

"Kin gan ta?"

"Ni na kira sunanta."

Ta rufe ido. Da ta buɗe sai ta ce, "Me kika ce musu?"

"Na ce a gidanku ta tashi."

Ta matso kusa da ni. Sannan ta fara magana a hankali, kamar mai tsoron bango ya ji. Ta ce Malam ne ya yanke shawarar a daren, shi da dattawan lungu. Sun ce ɗaya ta riga ta tafi, takarda ba za ta amfane ta a kabari ba, ga ɗaya kuma ko asibiti ba a iya kai ta. Kowa a lungun ya sani, kowa ya kama bakinsa, su kuma suka tashi don kada wani yaro ya yi suɓul da baka.

Na ce, "Ba ta taɓa tambaya ba?"

"Me za ta tambaya? A gida Ladi ce, a madrasa aka fara kiranta da wancan." Ta share bakinta da gefen mayafi. "Kin san ba a kiran sunan 'yar fari. Tana zaton kunya ce ta hana ni. Har tsokanata take yi, wai Umma zamani ya canza, ki kira ni sau ɗaya in ji. Rabi, ta yaya zan kira shi wata ta amsa?"

Na riƙe hannunta muka zauna, mukayyif na ta hura mana sanyi.

Ba a jima ba yarinyar ta shigo da sauri, fuskarta a sake, ta cire lambar daga ƙirji tana naɗewa. Ta ce sun ce za a kira ta, amma Dakta Muna ta raka ta har ƙofa, kuma an ce ba ta yi wa kowa haka. Ta durƙusa a gabana ta kama hannuna biyu.

"Khala, alhamdu lillahi da na gan ki. Akwai abin da nake so in tambaya tun da daɗewa. Ke kin san Hajara. Umma ba ta son maganarta, Abuya ma har ya rasu bai taɓa ba ni labarinta ba, ko hoto babu. Yaya take? Da wa take kama?"

Na dubi Yaya Zulai, ta kawar da kai tana kallon bango. Na dubi yarinyar. Na ce, "Baƙa ce, doguwa a kan shekarunta. Ba ta da yawan magana, sai ta gama kallon mutum tsaf kafin ta ce masa wani abu. Idan ta riƙe abu ba ta saki."

Ta yi murmushi, idonta ya kawo ruwa. "Miskina. Ba uwa, ba uba, ba kowa. Duk Ramadan ina yi mata ɗawafi, ina raba ruwa a Harami da sunanta. Na ce idan ni ban tuna da ita ba wa zai tuna?" Ta ɗaga hannu. "Allah ya jiƙan Hajara."

Ta tsaya tana jiran amsa. Yaya Zulai ba ta motsa ba. Ni na ce amin, domin na ga mai rai ma yana bukatar jinƙai.

An ɗauke ta a kwalejin. Ustaz Fahad da bai san komai ba shi ya ba ta maki mafi yawa. Ta yi karatunta ta gama, tana wucewa ta ofishina tana gaishe ni, wani lokaci da ƙunshin dabino, ban taɓa gaya mata ba, kuma ban yi nadama ba.

Abin da na ɗauka daga ranar shi nake so ku ɗauka. Aikinmu ya sa muna zaunar da mutum muna ce masa ya gaya mana ko shi wane ne, mu ba shi maki a kan amsar, mu tashi muna jin mun san shi. Ba mu san shi ba, wani lokaci shi ma bai sani ba. Ku auna abin da aka sa ku ku auna, wato yadda ya saurara, yadda ya yi tunani, yadda ya amsa, ku tsaya a nan. Musamman 'ya'yan mutanenmu na garin nan, da yawansu kafin su iso kujerar nan an yi abubuwa a bayansu waɗanda ba su da labari, waɗanda suka yi kuma ba don mugunta suka yi ba.

Ni dai abin da ya rage mini shi ne wadda na wanke. Ba mai yi mata ɗawafi da sunanta, domin sunan yana wuyan wata yana neman abinci. Idan na zo yi mata addu'a bakina kan tsaya, sai in ce yarinyar nan, in bar sauran ga Wanda ya san su su biyun.